Fadamar Mamudu da Dokar Cikin Salula

A Garou aka haifi Abdulgani, a gidan Mamudu mai albasa, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya biyar. Fadamar ubansa na can gangare kusa da gulbi, baƙar ƙasa mai laushi, da damina shinkafa, da rani albasa. Mamudu bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya sa ɗansa, don ya gaji da kai wa mutane takarda su karanta masa. Yaron kuwa akwai kai. Ya gama ta ƙauye, ya shiga kwaleji a Malanville ya yi shekara uku, har ya zama shi ke karanta wa rabin unguwa wasiƙa. Daga nan sai manyan motocin da ke jeruwa a bakin gadar kan iyaka suka ɗauke masa hankali. Ya ajiye karatu ya bi wani direba, ya yi shekara shida yana karen mota, sannan aka damƙa masa tasa kamyo. Kwatano zuwa Yamai, Yamai zuwa Kwatano, haka ya yi ta yi har furfura ta fara tsiro masa a gemu.

A shekarar da ruwa ya yi ɓarna ya cinye gonakin da ke ƙasa sosai, wani aminin Mamudu mai suna Souleymane ya wayi gari ba shi da inda zai sa fartanya. A lokacin ciwon ƙafa ya riga ya kama Mamudu, ko masallaci sai da sanda. Ɗansa na kan hanya, 'ya'yansa mata duk sun yi aure. Wata Juma'a bayan an sauko, a zauren gidansa, gaban liman da wani dattijo maƙwabci da ake kira Baba Ango, Mamudu ya ce wa Souleymane ya je ya noma fadamar ya ci da iyalinsa, ranar da Abdulgani ya gaji da mota sai a mayar masa. Abdulgani na wurin, ya zo hutun kwana biyu, shi ne ma ya zuba musu shayi. Ba wanda ya yi maganar takarda. Da wani ya yi, da an ce ya ci mutuncin abota.

Bayan shekara huɗu Mamudu ya rasu, matarsa ta bi shi ba da jimawa ba. Liman ya rasu. Souleymane ma ya rasu, babban ɗansa Mati ya ci gaba da noman. Abdulgani kan zo gaisuwa ya koma kan hanya. Bai taɓa tayar da zancen fadama ba, don a ganinsa abin da yake naka ba ya bukatar a riƙa tunasarwa.

Sai ga damanar 2023, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta Nijar. Motarsa na cikin waɗanda suka maƙale a layi da kaya a bayanta. Ya yi wata uku yana kwana a ƙarƙashinta yana jiran a buɗe. Ba a buɗe ba. Mai motar ya gaji, ya sa aka sauke kayan, ya sayar da motar, ya sallami direbobinsa. Abdulgani ya koma ɗakin haya a Malanville inda matarsa Sakinatu ke zaune da yara huɗu, yana da shekara arba'in da huɗu, ba shi da wata sana'a sai tuƙi. A nan ya tuna da fadamar.

Ya hau kabu-kabu ya tafi Garou, ya iske Mati a cikin gonar yana gyaran injin ban ruwa. Suka gaisa da fara'a, don tare suka yi wasan ƙasa. Abdulgani ya faɗi abin da ya kawo shi, har ya ƙara da cewa ba gaggawa, a bari a cire albasar bana tukuna.

Mati ya goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Abdulgani, wace fadama kake magana? Wagga da muke ciki Baba ya saye ta ga Baba Mamudu tun da ransu."

"Saye? Mati, ina zaune anka yi maganar. Aro na."

"Ni dai abin da niy iske ke nan. Akwai takarda."

Aka kai zancen gaban mai gari. Mati ya fito da wata tsohuwar takarda da ta yi ja, rubutun hannu da Faransanci, a ƙasanta an dangwala yatsa an ce na Mamudu ne. Shaidu biyun da aka rubuta a ciki duk sun mutu. Baba Ango, wanda kunnensa ya yi nauyi kuma ba ya iya miƙewa sai an tallafe shi, ya rantse cewa aro aka yi a gabansa, bai taɓa jin zancen ciniki ba. Mai gari ya juya takardar, ya dubi dattijon, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, su tafi jastis, wato kotu.

Abdulgani ya yi tafiyar yini guda zuwa Parakou neman lauya, wanda mutanen garin ke kira aboka. Ya samu wani, ya saurare shi da mutunci, amma abin da ya yanka masa don ya buɗe dosiye kawai, wato fayil ɗin ƙarar, ko ya sayar da duk abin da ke ɗakinsu ba zai kai ba. Ya dawo Malanville. Ya yanke shawarar zai shigar da ƙarar da kansa.

Kusa da tasha akwai wani shagon fotokopi na wata mata mai suna Samiha, wadda ke buga wa mutane takardu. Ta yi shekara biyu tana karatun shari'a kafin hidimar gida ta dawo da ita. Wurinta ya je ta buga masa takardar ƙara. Da ta ji labarin sai ta ce ya miƙo salularsa.

"Malam Abdulgani, tunda kana karatu, doka ba ɓoye take ba. Duk tana cikin wanga abu, kyauta."

Ta rubuta kalma uku ko huɗu, ta juyo masa da fuskar salular. Ga dokar filaye ta ƙasa gaba ɗayanta, sashe-sashe, ayoyi ɗaruruwa, a shafin da gwamnati ke ajiye dokoki. Ta nuna masa wani shafin kuma inda ake zuba hukunce-hukuncen da manyan alƙalai suka yanke a baya. Abdulgani ya riƙe salular da hannu biyu. Shekara da shekaru yana biyan tara a kan hanya bisa dokokin da bai taɓa gani da idonsa ba, ashe suna cikin aljihunsa.

Tun daga ranar ya zama wani mutum. A ɗakinsu rezo, wato layin salula, ba ta kamawa sosai, don haka da ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki tabarma da littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ya je ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro a kan tudu, ya zauna har rana ta take. Faransancin hanya daban, na doka daban. Akwai jimlar da zai karanta sau goma, ya nemi ma'anar kalma ɗaya, ma'anar ta zo da wasu kalmomi uku da su ma sai ya nema. Ya riƙa kwafewa da biro, yana ja wa wasu layi. Akwai makon da ya ƙare kacokam yana haddace wata doka mai daɗin fahimta, ya kai wa Samiha yana murna, ta duba ta ce ai ta Nijar ce, ba ta ƙasarsu ba.

"Kullum ka duba sunan ƙasa, ka duba shekara," in ji ta. "Duk da Faransanci anka rubuta su, amma kowa da tashi."

Wata safiya ya ci karo da ayar da ta ce wanda ya shekara goma a kan fili a bainar jama'a, ba wanda ya tanka masa, zai iya kashe haƙƙin mai shi na farko. Ya ƙirga da yatsu. Gidan Souleymane sun shekara goma sha biyar a fadamar. Ya kife salular a kan tabarma, ya zauna yana kallon ƙasa. Ranar bai ci abinci ba. Washegari ya daure ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai ga shi 'yan layuka a ƙasa an rubuta cewa wanda ya shiga fili da izinin mai shi, ko aro ko riƙo, yawan shekaru ba ya mayar da filin nasa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya miƙe tsaye ya karanta da ƙarfi. Ya naɗe tabarma ya nufi gida kusan da gudu.

Sakinatu na tankaɗen gari. Ya durƙusa gabanta ya karanta mata da Faransanci, ya fassara mata.

Ta ce, "To, Alhamdu lillahi. Amma Malam, ita salular ta san aro na?"

"Baba Ango ya sani."

"To ka yi maza da Baba Ango. Jiya an ce mani ko kunu da ƙyar shike sha."

Ya ce zai yi. Samiha ma ta ba shi shawarar ya ɗauki dattijon ya kai shi a rubuta maganarsa a sa hannu a buga hatimi, tun kafin ranar zama. Ya sa rana. Amma a 'yan kwanakin ya shiga cikin tsofaffin hukunce-hukunce, yana karanta rigingimun mutanen kudu da bai taɓa gani ba, iyalai masu faɗa kan gonar kwakwa, kan filin gado, yana neman wadda ta yi kama da tasa. Kowace ya buɗe sai ta kai shi ga wata. Ya ce sai ya gama fahimtar irin kalmomin da ya kamata shaida ya faɗa, don kada a rubuta abin da ba zai yi amfani ba. Ya ɗaga tafiyar Garou daga Litinin zuwa Alhamis, daga Alhamis zuwa bayan kasuwa. Ranar Lahadi da hantsi yana ƙarƙashin dogonyaron aka kira shi a salular da yake karatu da ita, aka ce Baba Ango ya cika, za a kai shi bayan azahar.

Ya je jana'iza. Mati na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

An zauna shari'ar bayan wata biyar. Abdulgani ya sa rigarsa ta Sallah, ya riƙo littattafan rubutu uku da ya cika. Da aka ba shi dama ya yi magana da Faransanci, bai nemi tafinta ba. Ya kawo aya da lambarta, ya kawo hukunci da shekararsa. Har wasu 'yan kallo suka riƙa taɓa juna. Alƙaliyar, mace ce mai sanyin murya, ta bar shi ya kai ƙarshe ba ta katse shi ba.

Ta ce, "Ayar da ka kawo haka take, ba ka yi kuskure ba. Yanzu wa zai shaida mana cewa aro ne?"

Ya ce shi kansa yana wurin. Ta ce shi mai ƙara ne. Ya ce mai gari ya ji rantsuwar Baba Ango. Aka kira mai gari, ya ce ya ji, amma kuma ya ga takarda, shi ba zai iya cewa ga mai gaskiya ba. Mati ya kawo maƙwabtan gona uku, suka ce tun tasowarsu gidan Souleymane suka sani a wurin. Ba ƙarya suka yi ba. Game da yatsan da ke kan takardar, ba wata takarda a duniya da Mamudu ya taɓa dangwalawa balle a gwada.

Ranar yanke hukunci aka bar wa Mati fadamar. Alƙaliyar ta ƙara da wasu kalmomi game da ɗaukaka ƙara, amma a lokacin kunnuwan Abdulgani sun toshe, bakinta kawai yake gani yana motsi. Bai san yadda ya fito ba.

Ya yi kwana uku a kwance. Rana ta huɗu ya tashi ya ɗauki tabarma. Ya ce wa Sakinatu akwai kotu ta sama, kuma ya ga inda aka taɓa juya hukunci irin wannan. Ya je shagon Samiha ya iske shi a rufe, maƙwabta suka ce ta tafi Kandi wurin uwarta haihuwa, sai bayan arba'in. Ya kira lambarta sau biyu ba ta shiga ba, ya ji nauyin damun mai jego. Sai ya rubuta tambayarsa a salula da kansa: kwana nawa mutum ke da shi ya ɗaukaka ƙara. Shafin da ya fara fitowa mai tsabta ne, an yi bayani dalla-dalla cikin sauƙin harshe, ba kamar dokar da ta wahalar da shi ba. Shafin ya ce wa'adin ba ya fara tafiya sai ranar da aka miƙa wa mutum takardar hukunci a hannunsa. Abdulgani ya duba sama bai ga sunan wata ƙasa ba. Ya kwafe a littafinsa, ya ja layi biyu.

Hankalinsa ya kwanta. Ba wanda ya kawo masa takarda, don haka a lissafinsa ko kwana ɗaya bai tafi ba. Ya zauna ya tsara bayaninsa a natse, shafi goma sha ɗaya da hannunsa, ya yage ya sake har sau uku. Da ya ga shiru ta yi yawa, sai ya je da kansa ya karɓi takardar hukuncin, washegari ya koma da bayaninsa a cikin leda.

Magatakardan kotun dattijo ne mai tabarau. Ya karɓa, ya duba ranar hukunci, ya juya ya dubi kalandar da ke bango, ya bi ta da bakin biro. Ya cire tabarau ɗin.

"Malam, kana nan ranar da anka yanke?"

"Ina nan."

"To tun ranan wa'adinka ya fara. Ya wuce da kwana goma sha tara. In kana so in karɓa, sai in karɓa in rubuta, amma can sama ba za su ko buɗe ta ba."

Abdulgani ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi. Ya ciro salula ya buɗo shafin ya miƙa masa. Dattijon ya mayar da tabarau, ya karanta, ya yi ta ja da yatsa har can ƙasa, inda aka yi wani ɗan ƙaramin rubutu da ba a kula da shi. Ya nuna masa. Adireshin wani ofishin lauyoyi ne a wani gari na Faransa.

"Wagga dokar Faransa ta, Malam. Ka yi haƙuri."

Akwai mutane a bayansa suna jira. Ya karɓi ledarsa, ya ce na gode. 'Yan kabu-kabu na kiransa a bakin ƙofa, bai ji su ba, ya taka da ƙafa cikin rana har gida. Sakinatu ta dube shi sau ɗaya, ta kawo masa ruwa a moɗa. Ya riƙe bai sha ba.

Duk da haka bai daina ba nan take. Ya ƙara wata biyu ƙarƙashin bishiyar yana neman wata ƙofa, ko da 'yar ƙarama. Da Samiha ta dawo da jaririnta a goye, ta zauna ta bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta bincike a kwamfutar shagonta har la'asar. Daga ƙarshe ta tattara su ta daidaita bakinsu ta miƙa masa, idonta ya kawo ruwa.

"Da ka aiko ko yaro Kandi," in ji ta. "Kalma guda ta."

A wannan tsakanin abincin gidan ya ƙare. 'Yan kunnen Sakinatu sun tafi, tukwanenta na aure sun tafi. Da damina ta faɗi ta ce za ta kai yara Madécali gidan ubanta su taya shi noma, in an yi girbi su dawo. Ba faɗa suka yi ba. Shi ya ɗaura musu kaya a kan babur. An yi girbin, an yi wani, ba su dawo ba, shi kuma bai da bakin cewa su dawo. Ya saki ɗakin haya ya koma kwana a shagon wani ɗan kasuwa. Tunda gada ta ƙi buɗuwa, kaya ta ruwa suke ƙetarewa, sai ya shiga cikin 'yan dako masu loda wa jiragen ruwa buhuna a bakin gulbi. Waɗanda suka ga tsayuwarsa a kotu suka laƙaba masa Aboka. Da farko yakan ɓata rai, daga baya ya riƙa amsawa.

Wani abu ne dabam ya fi cin sa. Tun ranar da ya ga yatsan nan a takarda yake cewa jabu ne, kuma ya yarda da hakan har zuciyarsa. Amma da shari'a ta ƙare, ba sauran abin karantawa, sai ya fara tunanin shekara huɗun da ubansa ya yi a raye bayan aron, waɗanda shi ya yi su a kan hanya. Yayarsa Basira ce ta yi jinyar tsohon har ya cika. Tana aure a Gaya. Wata ranar da ba lodi ya shiga jirgin ruwa ya ƙetara.

Ya iske ta tana tsinkar zogale a tsakar gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, don Allah ki hwaɗa mani gaskiya. Baba ya sai da fadamar ga, ko bai sai da ba?"

Basira ta ajiye reshen da ke hannunta. Ta ce a shekarar ƙarshe, lokacin da ƙafar ta ruɓe aka ce sai an kai shi asibiti, ba kome a gidan. Sun yi ta kiran Abdulgani, yana can wajen Kwatano, layi ba ya shiga. Sai Souleymane ya zo da wani mutum da ba ta sani ba, suka shiga ɗakin Baba suka sakaya ƙofa. Da suka fita ta iske ƙunshin kuɗi a ƙarƙashin matashinsa. Da shi aka kai shi asibiti.

"Taimako na, ko kuɗin gona?"

"Ban sani ba, Abdulgani. Na tambaye shi, yaj juya fuska ga bango."

"Kin ga tawada ga yatsanai?"

"Shekara goma sha wani abu. Wallahi ban iya tunawa."

"Don mi ba ki hwaɗa mani ba tun farko?"

"Ka zo ka tambaye ni? Ko sau ɗaya ba ka zo ba. Kullum an ce kana karatu."

Ta tashi ta zubo masa tuwo, ya ci loma biyu ya wanke hannu. Ta roƙe shi ya kwana, ya ce akwai lodin masara da sassafe, in bai je ba wani za a ba. Ta rako shi har bakin ruwa. Jirgin ya cika da mata masu dawowa daga kasuwa, ya samu wuri a kan wani buhu ya zauna, mai jirgi ya tayar da inji.